Yadda Kawu Ya Shiga Zauren Intanet

Shagona na buga takardu yana bayan masallaci a Zongo. A shekarun nan ina cikin masu kula da wani zauren tattaunawa a intanet, wanda 'yan Zongon Lome na gida da na waje suka buɗe. Aikina karɓar sababbin shiga: in nuna musu inda ake buɗe batu da yadda ake amsa wa mutum.

Wata Asabar da hantsi sai ga kawuna, wan mahaifiyata, ya sauko daga kan zemijan, babur ɗin haya, a ƙofar shagon. Malami ne, ya haura saba'in, ya fi sabawa da alƙalami da tawada. Ya miƙo mini wayarsa.

"An ce akwai wani wuri a cikin nan da yara ke ba da tarihin Zongo, kuma rabin abin da suke faɗa ba haka yake ba. Sa ni ciki."

Na ce, "To Kawu, sai ka zaɓi kalmar sirri."

Ya faɗe ta da ƙarfi, har mai koko da ke waje ta ji. Muka canza, ya sake faɗa. A karo na uku na sa ya rubuta da ajami, ya cusa takardar cikin hularsa.

Makon farko na sha dariya, na kuma sha ƙorafi. Kawu ya buɗe batu, ya rubuta, "Kun tashi lafiya?" Ya buɗe wani: "Ya iyali?" Ya ƙara wani don tambayar gajiya. Kafin azahar gaisuwarsa ta tura duk sauran hirar ƙasa. Wani ɗan unguwarmu da ke zaune a Turai ya aiko mini da saƙo cikin Faransanci, wai in ja wa tsohon nan kunne.

Na je gida na same shi yana gyara zaman tabarau. Na yi masa bayani a hankali. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ke da bakinki kika ce zaure ne. Wane zaure ake shiga ba sallama?"

Da na koma shago sai na buɗe batu guda na gaisuwa kawai, na kafe shi a sama. Kawu ne ke fara rubutu a ciki kullum bayan karatun safe. Ba a yi wata ba, har wanda ya kawo ƙarar ya shiga amsawa da Hausarsa mai gauraye.

Rannan Kawu ya zo da wani tsohon hoto a ambulan, na tsohuwar Zongo ta tsakiyar gari, tun kafin a tashe mu daga can. Ɗalibai ne a ƙarƙashin bishiya, a gefe kuma wata mace da tire a ka tana dariya. Na ɗauki hoton da waya na ɗora a zauren, shi kuma ya rubuta bayani.

Washegari wata mata daga Kumasi ta amsa. Ta ce mai tiren nan mahaifiyarta ce, ƙanwar uwarta ta gane ta. Uwar ta rasu ita tana jaririya, kuma ba ta taɓa ganin fuskarta ba sai yau.

Na karanta wa Kawu. Sai ya jawo kujera. Na ce ya faɗa in buga masa, ya ce a'a. Da yatsa ɗaya ya yi ta lalube kusan awa guda. Ya rubuta mata cewa uwarta waina take sayarwa, tana jin yaren Mina kamar 'yar unguwar Amutibe, kuma idan ta yi dariya har limami sai ya leƙo.

Da babbar Sallah matar ta zo Lome da 'ya'yanta biyu. Muka ci tuwo a gidan Kawu, ya ɗauko hoton na asali ya ba ta. Ta ce ya yi yawa, ya ce ai shi ya riga ya haddace fuskokin da ke ciki. Da za su tafi muka raka su har tasha, Kawu na gaba yana nuna wa yaran hanya.