Shuɗin da Kawu Ɗanjumma Ya Gani a Dauran

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjumma a ƙarshen rayuwarsa ya san aljihun gaban rigarsa, cike maƙil da guntayen fensirin kala, kowanne an zura shi a karan gero don ya ƙara tsawo. Da hantsi zai shimfiɗa buzu a ƙofar gida nan Ƙaura, ya lashi yatsa, ya buɗe littafinsa. Kuma ni na jawo.

Yayan mahaifiyata ne, marini tun yana saurayi, har farcensa ya ƙi komawa fari. Da ƙafa ta hana shi tsayuwa bakin rijiyar rini, sai zaman banza ya fara cin sa. Na je Gusau taron malaman makaranta, na ga wani littafi da aka yi don manya, kowane shafi zanen malam-buɗe-littafi ne fari fat, kai za ka cika masa launi. Na sayo masa da kwalin fensir, gabana na faɗuwa kada ya ce na mayar da shi ɗan firamare. Ya jujjuya shi, ya dube ni.

"Ke Hadiza, malam-buɗe-littafi cikin littafi? To wa ka buɗe wani, ni ko shi?"

Daga ranar unguwa ta laƙaba masa sunan, ya kuwa amsa.

Ya kafa wa kansa doka: ba ya shafa launin da bai gani da idonsa a jikin mai rai ba. Shafin ƙarshe kuwa ya naɗe gefensa ya ce kada kowa ya taɓa. Wai na wani shuɗi ne da ya gani yana yaro a gonar mahaifinsu a Dauran, shuɗin da ya sa shi shiga rini, ya ƙare ƙarfinsa yana neman irinsa a ruwan baban rini bai samu ba. Mu dai dariya muke yi, don ba wanda ya taɓa ganin irin wannan. Hanyar Dauran ta lalace da 'yan bindiga, ba mai barin sa ya je. Ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Abin da yake tsoro ke nan, kada ido ya tafi shafin nan yana fari.

Ranar wata kasuwar Shinkafi mijina ya tafi da shi. Sai ga wani malam-buɗe-littafi mai ruwan ɗorawa ya sauka kan kankanar wani bawan Allah. Kawu ya durƙusa, ya zaro fensir uku yana gwadawa kusa da fiffiken, masu saye sun taru a bayansa. Mai kankana ya gaji ya ce, Baba, in ba saye za ka yi ba ka matsa mana.

"Dakata, ɗana. Baƙonka nika yi wa awon riga."

Maganar rigar nan ita ya sake ba maƙwabcinmu Malam Sani, da ya tuna masa cewa zanen abu mai rai akwai magana a kansa. Kawu ya ce shi bai zana kowa ba, tsirara ya tarar da su ya suturta. Malam Sani ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce zai duba littattafai. Har yau bai dawo da amsa ba.

Tattali kuwa, tabɗi! Da reza yake fiƙe fensir a kan farar takarda, ya tattara garin cikin kwalbar man zafi, kowane launi da tasa. Da wannan garin yake murza gefen fiffike da ɗan yatsa, sai ka ga launi ya narke cikin launi kamar gajimaren la'asar. Mijina ya kawo masa alƙaluman nan masu jiƙaƙƙen baki don ya burge shi. Shafa ɗaya, tawadar ta huda takarda ta ɓata na baya. Kawu ya tattara su ya miƙa masa, ya ce ya kai Moriki a rubuta suna a buhun wake, can ne ajinsu.

Da idon ya yi nisa, sai ya yi wa kowane fensir tsaga da wuƙa, ja ɗaya, kore biyu, yana ganewa da lalube. Wallahi na zauna ina kallonsa, hancinsa kusan kan takarda, bai taɓa tsallake layi ba.

Shuɗin kwali duk ya raina su. Wata safiya ya sa na jiƙa masa baba a gwangwanin madara, ya ɗauki gashin kaza, yana shafawa a shafin nan na ƙarshe sama-sama, ya bari ta bushe, ya sake. Kwana tara yana fiffike ɗaya. Da ya gama ya tura mini littafin.

"Ɗayan naki na. Amma kak ki taɓa sai kin gan shi."

Na ce to, don ya ji daɗi. Bai ga ƙarshen damina ba.

Da kaka, ina wanke hannu bakin famfon makarantarmu, wani abu ya sauka kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. Jama'a, shi ne. Shuɗin nan sak, har da baƙin zaren da Kawu ya ja a gefe. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina jin kunyar dariyar da muka yi masa.

Na koma gida na jiƙa sauran baban, na cika ɗaya fiffiken. Nawa bai kama ƙafar nasa ba, kowa ya buɗe zai san wane ne na marini.

Ya Allah, Kai da Ka rina wannan fiffike, Ka gafarta wa Kawu Ɗanjumma, Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da idonsa a Aljanna ya ga sauran launukan da Ka ajiye.