Ranar da Zulai Ta Kira Sunan Hashimu

Duk Shinkafi an san Zulai da abu biyu: iya girki da kunya. 'Yar Galadi ce, aure ya kawo ta gari, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Shekara tara ta yi tana dafa wa wasu likitoci 'yan ƙasar Holan abinci. Ba ta yi boko ba, harshensu ma ba ta iya ba, amma wanda ya shekara tara yana jin magana ta tagar kicin, ko daga barci aka tashe shi zai gane ta. Takan ce Holanci daga maƙogwaro yake fitowa kamar mai kaki, har farkon zuwanta ta riƙa dafa musu citta da kanumfari, a zatonta mura ce ta kama gidan gaba ɗaya.

Kunyar kuwa ta ɗan fari ce. Tun yaye Gwaggo, yayar mijinta, ta ɗauke Hashimu. Zulai ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "na Gwaggo". Mata suna yabonta, suna cewa irinsu sun ƙare. Ni dai da za a tambaye ni, da na ce abin ya yi yawa, amma wa ya tambaye ni?

Hashimu ya gama difloma a Ƙaura, ya yi shekara uku ba aiki, gonar Galadi kuma 'yan bindiga sun hana noma ta. Sai ga wani mai baki kamar zuma, wai akwai aikin kwamfuta a Holan. Aka sayar da gonar. Ran da ya zo sallama, Zulai na da magana cike da ciki, amma bango ta kalla ta ce, "Allah shi kiyaye."

Kowace Juma'a saƙon muryarsa na shigowa wayar Gwaggo. Da an kunna, sai Zulai ta ja takalmi ta fice. Wata biyar ana haka. Mutum ɗaya tak a dangin da ya san amon Holanci, shi ne ba ya tsayawa ya ji.

Wata Juma'a suna ƙuli-ƙuli a gidan Gwaggo, hannun Zulai dumu-dumu cikin tunkuza, mai na tafasa a kasko, ba halin tashi, aka kunna saƙon. "Gwaggo, lahiya lau nike, aiki na da yawa, a yi man addu'a." A bayan muryarsa wasu maza na ɗaga murya, ƙofar ƙarfe na bugawa. Maganarsu gajejjeru ce, a datse, daga hanci da bakin leɓe, babu kakin nan ko ɗaya. Nan take Zulai ta gane wannan ba Holanci ba ne.

To, amma in ta faɗa, ai ta nuna ke nan ta kasa kunne ga ɗan fari. Ta haɗiye. Abinci ya daina shiga. Juma'a ta zagayo, ba saƙo. Wata ta sake zagayowa, shiru. Ran Asabar ta faɗa gidan Gwaggo ko sallama babu.

"Gwaggo, yaron ga naki ba Holan shike ba."

"Ke! Wa yag gaya miki?"

"Kunnena. Shekara tara ina jin mutanen ga. Wallahi wanga ba harshensu ba na."

Washegari suka shiga motar Ƙaura, hanyar da direba ke bi yana salati, suka sauka gidan Malama Fauziyya, wata malamar makaranta da Gwaggo ta sani. Malama ta buɗo hoton da Hashimu ya taɓa turowa wayar Gwaggo, ta ƙara girmansa. A gefen kafaɗarsa ga gorar ruwa da rubutu a jiki. Zulai ta tuna gwangwanayen likitoci: baƙaƙen boko ne irin na kowa, kalmomin ne dai dogaye. Wannan kuwa a nannaɗe yake kamar yaɗon wake, ba a ganin inda wata kalma ta ƙare wata ta fara.

Malama ta tambayi wayarta, ta ce rubutun Kemer ne, harshen ƙasar Kambodiya. Ta kunna musu Holanci, Zulai ta ji kamar tsofaffin iyayen gidanta ne suka shigo. Ta kunna Kemer, kafin mai maganar ya nisa Zulai ta dafe ƙirji ta ce, "Shi na."

Da sanyin murya Malama ta ce ta sha jin labarin gidaje masu doguwar katanga a can, inda ake ƙwace wa samari fasfo, a tilasta su damfarar mutane ta waya, wanda ya gaza a doke shi ko a miƙa shi gaba. Za ta rubuta wa hukuma yau-yau. "Da dai tun wata biyar anka sani," ta ce. Zulai ta ƙarasa sauran a zuciyarta, ta ji ta tsani kanta da duk matar da ta taɓa yabon kunyarta.

Malama ta ce a tura masa saƙo ko Allah zai sa. Gwaggo ta miƙa hannu, Zulai ta riga ta. Ta danna inda aka nuna mata.

"Hashimu," ta ce. Sunan ya yi mata nauyi a baki, shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa ɗaukarsa ba. "Hashimu, ni ta, uwarka. Na san ba Holan kake ba. Ka yi magana, Hashimu, ina jin ka."

Alama guda ta fito a gefen saƙon. Malama ta ce sai sun zama biyu ya isa.

Zulai ta sayar da tunkiyarta ta sayi waya. Kowace Juma'a tana zama a ƙofar ɗaki ta kira sunan da ƙarfi a cikin wayar ta tura, maƙwabta na ji, ba ruwanta. Har yau alamar guda ce.