Dusar Ƙanƙarar Yaya Bulus

Bana shekara talatin da shida da rasuwar yayana Bulus, kuma har yau in Disamba ta kama, hankalina ba ya kwanciya.

Ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, amma a cocinmu na Makera an fi saninsa da ɗan ƙaramin garin Baitalami da yake ginawa da kwali da laka duk Kirsimeti. Bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a katin gaisuwa, duk da haka ya kafe sai ta kwanta a rufin gidajensa. Ya sa auduga, mata suka ce katifa aka farke. Ya sa garin rogo, kiyashi suka kwashe.

Ni na kawo masa mafita. Lokacin ina aiki a Kudenda, inda ake yanka allon silin, wani farin gari yana zubowa. Na cika leda na kai masa. Ya shafa gam, ya tankaɗe da rariya, yana hurawa da baki har ya kwanta daidai.

Ya ce, "Kai, Istifanus, wannan ko Bature ya gani sai ya nemi bargo."

Shekara bakwai yana haka. Sai tari ya kama shi, ya tafi. Likita ya ce ƙurar masaƙa ce, na riƙe maganar hannu biyu. Daga baya na ji a rediyo abin da garin silin na wancan zamani ke yi wa huhu. Ban san wanne ya kashe shi ba, kuma abin yana cin raina.

Da yana nan, da ya yi wa dusar ƙanƙarar gwangwani da ake fesawa yanzu dariya. Amma me zai ce in ya ga jikokinsa suna dangwalar rufin da yatsa suna busawa? Domin duk shekara coci na fito da garin Baitalamin nasa daga akwati. Shi kaɗai ne aikin hannunsa da ya rage, shi ya sa na yi ta shiru.

Lahadin da ta wuce na faɗa wa 'yarsa Rifkatu komai. Ta ce, "Baba, kai za ka haƙa ramin, ni zan ɗauko shi."

Jiya muka binne garin Baitalamin. Abin da ya rage na Yaya Bulus yanzu yaran nan ne, kuma na fi son su ci gaba da numfashi.