Tambayar da Na Kai wa Kaka

Jiya a Gwange ƙamshin bandar kifi ya tuna mini da kakata, wadda ta cika shekara uku da rasuwa.

Saura mako guda a yi mini baftisma, wasu masu wa'azi gida-gida suka tare ni a Galtimari. Suka ce Yesu ba Allah ba ne, shi ne dai farkon halitta. A ikilisiyarmu kuwa an koya mana Ɗan da Uban ɗaya suke. Na kwana uku ban ci abincin kirki ba, ina tsoron shaida abin da nake shakka a gaban jama'a.

Na same ta a tsakar gida tana zare ƙayar kifi, yatsunta duk mai.

Na ce, "Kaka, ina jin bangaskiyata ta lalace."

"Zauna tukuna," in ji ta. Haka take fara amsa kowace magana.

Da ta gama saurarona ta ce, "Jikata, tun zamanin da manyan malaman ikilisiya suka yi ta musu a kan wannan. Ni na gaskata Ɗan daidai yake da Uban. Amma tambaya ba zunubi ba ce. In ba ki gamsu ba, a ɗaga baftismar. Ni zan raka ki wurin fasto."

Ran nan na ci tuwo har da ƙari. Bayan wata huɗu aka yi mini baftisma, hankalina kwance.

Ubangiji ya ba ki hutu, Kaka, ya ba ni haƙuri irin naki.