Ranar da Sikira Ta Saki Hannuna

Wata Asabar a damunar 1975 Sikira ta saki hannuna a bakin titin Bata. Kowaccenmu da kwanon abincin rana a ka, ni zan kai wa Babana rumfarsa a kasuwar Sabon Gari, ita kuma za ta kai wa Iya, mahaifiyarta, mai sayar da atamfa. Lokacin arziki ya shigo gari, kowa ya sayi mota ko babur, har wanda bai iya tuƙi ba. Ni kuwa matsoraciya ce ta gaske, ko akuya ta taso sai na maƙale a bango.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Fagge. Su Yarbawa ne, amma Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman wajen faɗa. Tun aji ɗaya ita ke jana makaranta, ita ke yi mini kitson shuku ranar Juma'a, ita ke rama mini in an cuce ni a 'yar carafke. Da muka shiga aji shida sai ta yi tsawo ta bar ni. Ta daina wasan gala-gala, ta koyi kafa ɗauri da zizara kwalli, ta koma tafiya da su Falmata, manyan 'yan ajinmu masu magana ƙasa-ƙasa suna dariya. Abin ya yi mini ciwo, har kuka na yi a bayan aji. Ga rashin ƙawa, ga titin da ban taɓa tsallake shi ni kaɗai ba.

Ran nan ta ce, "Hadiza, ba kullum zan riƙa binki ba. Kalli fuskar direba, ba taya ba. Wuce, ina nan." Na roƙe ta, ta harɗe hannuwa. Na tsallaka, miya na bin wuyana. Ta yafito ni na dawo, na sake, har sai da na daina rufe ido. Da Asabar ta zagayo ni kaɗai na je. Na hango ta da su Falmata, ta ɗaga mini hannu, ba ta zo ba.

Ba mu yi faɗa ba, gaisuwa ce dai ta rage tsakaninmu. Yau jikokina a mota ake kai su ko'ina, ƙawancensu kuma a waya yake ƙulluwa, ya mutu ba sallama. Ni ma na yi ƙawaye bayanta, wasu sun janye ban ko san ranar ba. Wannan yarinyar ce kaɗai ta tsaya ta ga na iya kafin ta tafi. Har yau ina kewarta.