Nangozo Ba Ta Ƙara Jiran Kawu Ba

A kasuwar Dedza kowa ya san Nangozo mai dankali, kuma kowa ya san ba ta tuƙa tuwo. Mace ce da ta ba hamsin baya, amma da talge ya fara huci a tukunya sai ta miƙa wa 'yarta muciya ta fice bayan gida. Matan kasuwa kan tsokane ta, wai ƙyuya ce ta zo mata da tsufa. Murmushi kawai take yi. Ba ƙyuya ba ce. Numfashin mijinta Lameck take ji a cikin hucin nan.

Lameck mai gyaran kekuna ne, mutum mai barkwanci, ba ya kiran ta sai da "uwar dankali". Kamar kowane magidanci a nan, shi ya tare a garin matarsa. Ƙarfinsa nata ne, amma ransa na dangin uwarsa ne, ba a kai namiji asibiti sai kawunsa ya ce a kai.

Shekarar da abin ya faru, mura ta shigo da sanyin watan Yuni, lokacin hunturu a nan, ta bi gida gida. Yara suka yi majinarsu suka miƙe. Lameck kuwa, da yake ya daɗe da tari tun yana aikin rumbun taba, sai ta sauka masa a ƙirji. Nangozo ta yi masa sirace da ganyen turare, ta aika wa Kawu Zakeyu can tsallaken iyaka. Amsa ta dawo wai a jira shi, yana tafe.

Ta jira. Kai, ta jira! Numfashin ya koma fuf, fuf, leɓunansa suka yi toka-toka. Da ta yi maganar a nemo amalanken shanu a kai shi asibiti, ya riƙe mata zani.

"Uwar dankali, kada ki jawo wa kanki. In na cika a hanya, cewa za su yi ke kika kashe ni."

Da kawun ya iso, sai da ya sha shayi, ya ji bayani daga tushe, sannan ya ce a ɗaura shanu. A asibiti suka tarar da ɗakin maza cike, magidanta da tsofaffi, wasu a gado wasu a ƙasa, kowa na kokawa da iska. Ma'aikaciyar jinya ta sa masa robar oksijin a hanci, ta tambaya a hankali tun yaushe yake haka. Nangozo ta faɗa mata. Matar ta gyara masa bargo. Kafin rana ta faɗi ya rasu.

Babu wanda ya zarge ta. Wajen makoki ma yabon ta danginsa suka yi ta yi, wai mace ce mai sanin girman manya. Yabon nan shi ya fi ƙona mata rai har yau.

Bana sanyi ya dawo da murarsa. Wata safiya tana wankin dankali ta jiyo fuf, fuf ta bayan danga, alhali babu tukunya a wuta. Ta saki dankalin. Ta leƙa, sai ga Fatsani mijin maƙwabciyarta Esnart a jingine da bango, baki buɗe. Esnart ta ce sun aika, kawunsa suke jira.

Nangozo ta ce, "Ɗauko bargonsa, 'yar nan. In kawun ya zo, ki nuna masa ƙofata."

Ita ta nemo amalanke, ita ta riƙe kansa har asibiti. Kawun kuwa da ya zo ya yi ta bambami, har gaban mai gari ya kai ta. Ta durƙusa ta sha faɗa, ba ta ba da haƙuri ba.

Ranar wata kasuwa sai ga Fatsani da ƙafarsa, ya rame, yana tafe yana hutawa. Ya kama hannunta da hannu biyu yana ta godiya. Ta cika masa leda da dankali, ta bi shi da kallo har ya shige cikin mutane. Mata suka taso za su yi mata barka, suka tarar tana kuka, bakin zani a fuska.

"Ashe ana dawowa," ta ce. "Ashe da na kai Lameck da wuri, da ya dawo."