Yaya Habi da Kyamarar Cikin Langa

Shekara arba'in da biyar ke nan, a wannan wata, da muka kai yayata Habi makwancinta a Toranke. Ni da ta girma da shekara shida ga ni yau na taka tamanin, haƙora sun yi mini tawaye, ido kuma sai da gilashi. Duk shekara idan watan ya kama nakan sa a yi mata saukar Alƙur'ani, a raba waina, in koma in zauna. Bana na ce ba zan tsaya a nan ba, domin akwai wani haƙƙinta a hannuna, kuma ba na so a rufe ni da shi.

Mutanen Gaya da Ajingi na da sun san ni da Ɗanlami Mai Hoto. Na koyi sana'ar a Kano, wajen wani Bayarabe a Sabon Gari, ba da daɗewa ba da samun 'yancin kai. Na dawo gida da kyamara mai ido biyu, irin wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama, na buɗe shago a soron kawunmu kusa da kasuwa. Aikina bai wuce fasfon maniyyata ba, da samarin da suka sayar da gyaɗa suka ɗinka sabuwar riga, da kuma, lokacin yaƙin basasa, masu shiga soja da ke son barin wa iyaye abin kallo. Nakan ce wa mutum ya miƙe, ya ɗaga haɓa, kada ya ƙifta, in danna. Iyakacin basirata ke nan, kuma a lokacin ina jin duk ƙasar Gaya ba kamata.

Mata kuwa ba sa zuwa shago, ba kuma namijin da zai shiga musu gida da kyamara. Yaya Habi ce ta fara ganin wannan giɓi. Mijinta na fari ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam saboda makarantar allon da ke ƙofar gidanmu. Wata rana ta kawo mini fura shago, ta tsaya tana jujjuya kyamarar, ta ce, "Ɗanlami, rabin garin nan fa bai taɓa ganin fuskarsa a takarda ba. Koya mini abin nan."

Na koya mata ina dariya. Cikin wata biyu dariyar ta ƙare.

Ga yadda aikin yake tafiya. Takan naɗe kyamarar da tsumma, ta sa a langa ta rufe, ta ɗora a ka kamar mai kai tuwon biki, ta shige gidan da aka kira ta. Ita ke ɗauka, ita ke wankewa a ɗan ɗakin duhun da ke bayan shagona, wanda labule kawai ya raba mu, domin sharaɗin magidanta shi ne kada idona ya faɗa kan matansu. Idan ta kai hoton kuma, sai ta tafi da fim ɗin, wanda muke ce wa uwar hoto, ta datsa shi da almakashi a gaban matar, ta jefa a murhu. Ba ta taɓa saɓa wannan ba ko sau ɗaya. Abin da ya rage mini ni shi ne in ba ta takardun da na riga na buga wa hatimina a baya, don a san shagon da aka yi aikin.

Malam ba ya son hoto, bai ma taɓa yarda na ɗauke shi ba. Sau ɗaya ya tare ta a zaure ya ce, "Habi, wane irin abinci ne a langar nan da ba ya tururi?" Ta sunkuyar da kai. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Kada dai in ji sunanki a bakin maza." Daga nan bai sake tayar da zancen ba. Wannan kalma tasa ita ce katangar da Yaya ta rayu a cikinta, ni kuma daga baya na mai da ita mafakata.

Tun da ba na ganin aikinta, a bakin mata na san ko ita wace ce. Matata ta ba ni labarin cewa Yaya ba ta ɗaukar hoto sai da hantsi. Takan tsayar da mace a bakin ƙofar ɗakinta, inda haske ke shigowa ta gefe guda, ta sa wata ta riƙe farantin tasa da aka goge da toka yana mayar da hasken kan ɗaya kumatun. Ita ke zaɓar zanen da za a ɗaura, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaura shi yadda kitso zai leƙo, ta gyara zaman hannu don lalle ya fito. Sai kuma ta ja mace da hira har ta manta da kyamara. Ɗaurin ɗankwalin da ta ƙirƙira don hoto sai da ya zama yayi daga Gaya har Ajingi, amma ba wanda ya kira shi da sunanta.

Kwanakin baya na je bikin jikata a Kano. Mai ɗaukar hoton mace ce, kyamara biyu a wuya, tana ba manyan alhazai umarni, wannan ya matsa, wancan ya cire gilashi, kuma suna bi. Na zauna ina tunanin abin da Yaya za ta ce. Na san za ta fara da tsiya, don ba ta raga wa aikin banza. Za ta ce sun shafe fuskar amarya sun mai da ita kamar an tsoma ta a garin rogo, za ta tambayi inda suka kai inuwar hanci. Za ta yi mamakin yadda kowace yarinya ke ɗaukar kanta da waya sau ɗari a yini, ba ta jiran hantsi ba ta jiran kowa. Amma da aka turo mana hotunan, na ga sunan yarinyar nan mai ɗaukar hoton rubuce a kusurwar kowane ɗaya. A nan nake jin tsiyar Yaya za ta ƙare.

Domin abin da take so ke nan, kuma ba ta ɓoye mini ba. Sau da yawa tana bayan labule, hannunta cikin ruwan magani, takan ce, "Da za a bar ni in kama ɗaki a Fagge, mata zalla, wallahi ba mai kamo ƙafata." Ni kuma in ce da wane hoton za ta nuna wa mutanen Kano gwaninta, alhali duk ta ƙone uwayensu. Sai ta ce, "Guda ɗaya nake roƙon Allah ya tsallake murhu. In ya fita, dole a tambayi mai shi."

Allah kuwa ya karɓa. A shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, wani attajirin gyaɗa ya aurar da 'yarsa a Ajingi, ya ɗauko wata shahararriyar zabiya mai kiɗan ƙwarya, wadda a lokacin ba gidan da ba a san muryarta a rediyo ba. Ba zan ambaci sunanta ba, ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Duk hotunanta da ke yawo iri ɗaya ne, baki buɗe, tana tsakiyar waƙa. Yaya ta ƙi ɗaukarta ranar biki. Sai washegari da hantsi, murya ta dishe, gajiya ta sauko, matar tana zaune bakin ƙofa ta ɗaga hannu biyu tana ɗaura goggoro, sannan ta danna. Zabiya ba matar kulle ba ce, don haka ba a ƙone komai ba, kuma shi ne aikin Yaya na farko da idona ya gani. Na daɗe riƙe da shi. Abin da na ji a zuciyata, in faɗi gaskiya, hassada ce.

Zabiyar ta tafi da hotonta Kano. Bayan 'yan watanni sai ga shi a kalandar wata masaƙar atamfa, an rataye a shagunan teloli har nan Gaya. Ba a jima ba, ranar wata kasuwa, ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar shagona. Wani ɗan boko ya fito da kwat, ya yi sallama, ya ce daga sashen talla na masaƙar yake, a Kaduna. Ya ajiye hoton a kan tebur, ya juya bayansa inda hatimina yake. A lokacin Yaya tana bayan labule tana wanki, ina jin motsin ruwa.

Ya ce, "Malam Ɗanlami, kai ka ɗauki wannan?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Kai kaɗai, ko akwai wanda kuke aiki tare? Maigidana ya ce ko mutum nawa ne in zo da su."

Motsin ruwan ya tsaya. Na ji ya tsaya. Na ce, "Ni kaɗai ne."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa umarnin Malam na bi, ai ya ce kada a ji sunanta a bakin maza. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce ta motsa harshena ba. Kaduna na hango, da albashi, da sunana a kalanda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yaya ce ta wanke mini kaya ta ninke, ta soya mini ƙuli-ƙuli na guzuri. A Kaduna aka ba ni ɗaki mai fitilun lantarki, aka riƙa kawo 'yan mata sanye da sababbin atamfofi, wani lokaci mawaƙa da 'yan wasan rediyo. Na tsayar da su yadda na iya, a miƙe, haɓa a sama, kada a ƙifta. Duk suka fito kamar masu shirin tafiya Makka. Manajan yakan ajiye hotona kusa da na zabiya, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya dube ni. Na gwada faranti, na gwada bakin ƙofa, abin ya ƙi. Zanen aro ba ya rufe katara. Wata biyar na yi aka sallame ni cikin mutunci, aka ce wataƙila dace na yi a wancan karon. Ko a wannan ranar, da ba abin da ya rage in yi asara, ban buɗe baki na ce akwai mai shi a Gaya ba. Kunya ta hana ni abin da kwaɗayi ya hana ni a farko.

Na dawo na tarar da ita tana aikinta, langa a ka, almakashi a ƙugu. Sai dai ta daina zancen Fagge.

Abin da ya ƙarasa ta hoto mai kala ne. Shi ba a wanke shi a bayan labule, sai an aika fim ɗin Kano, inji ya wanke, ma'aikata maza su duba su zuba a ambulan. Mata suka ce su mai kala suke so, don atamfarsu ta fito da launinta. Magidanta suka ce ba ƙaton da zai kalli matansu a Kano. Tsakanin waɗannan biyun aikin Yaya ya mutu, ba wanda ya kore ta, kira ne kawai ya ɗauke. Ta auri Malam Sale, wani manomi a Toranke, mutumin kirki wanda bai hana ta komai ba, sai dai babu abin da ya rage a hana. Ta koma sussukar gero da renon 'ya'yan dangi. Idan na kai ziyara da hantsi nakan gan ta ta tsaya da aiki tana kallon yadda haske ya sauka a fuskar wata maƙwabciya, sai ta girgiza kai ta ci gaba da abin da take yi.

Ciwon ajalinta bai ɗauki lokaci ba, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Na je duba ta bayan azahar, na samu an shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu. Da muka kaɗaita na fara kame-kame, na ce akwai abin da ya faru ranar da mutumin Kaduna ya zo, wanda ba ta sani ba.

Ta ce, "Ɗanlami, labule ne fa, ba bango ba."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Na tare miki hanya."

Ta ce, "Wace hanya? Ko ka faɗa, Malam mahaifinmu ba zai bar ni in taka Kaduna ba, ni ma na sani. Ba tafiyar ce ta dame ni ba." Ta huta, sannan ta ce, "So na yi in ji an faɗa. Ko sau ɗaya, ko da ina bayan labule."

Ta yafe mini, ta ma sa mini albarka. Kwana tara bayan haka ta cika.

To me ya rage nata? Uwayen hotunan da ta yi wa matan kulle duk sun zama toka da hannunta, don ta riƙe amanar da aka ba ta. Kalandar ta daɗe da shiga bola. Abin da ya saura yana ƙasan akwatunan tsofaffi, a Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, hotunan iyaye da kakanni mata a bakin ƙofa, haske ta gefe guda, suna kallon wani wuri kamar an tsayar da su tsakiyar hira. Jikokinsu kan tare ni a hanya su ce Baba, ashe haka ka iya aiki, ni kuma in yi murmushi in wuce. Shekara arba'in da biyar bayan ta gaya mini abin da take so, ban daina karɓar wannan yabo ba, kuma wannan ya fi abin da na yi a shago muni, don yanzu ba Malam, ba Kaduna.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinta, Ya sa yafiyar da ta yi mini ta tsaya mini ranar hisabi. Ku kuma masu karatu ku zama shaida. Ban taɓa ɗaukar hoton matar aure ko ɗaya a ƙasar Gaya ba, kuma ba ni na ɗauki zabiya ba. Habiba 'yar Malam ce ta ɗauka.